Gidan Da Ba A Hura Wuta

A duk faɗin jihar Tawa babu gidan da ya kai Gidan Inuwa tsaro. Ba wani ne ya faɗa ba, Darakta Alƙasum ne da bakinsa, mutumin da ya yi shekara biyar a jami'a yana karanta yadda ake kula da ɗan Adam. Gida ne na 'yan mata marayu talatin da biyu, kuma tun ranar da aka buɗe shi ba a taɓa ƙyasta ko tsinken ashana ɗaya a cikinsa ba. Babu murhu, babu gawayi, babu tukunyar gas, babu turaren wuta. An rubuta haka da Faransanci a allon ƙofa, aka zana harshen wuta aka ja masa jan layi don amfanin waɗanda ba su yi karatun lakwal ba. Abinci kuwa daga waje yake zuwa, a rufe cikin kuloli, daga hannun wata ƙwararriyar mai dafuwa da aka zaɓa bayan dogon bincike, wadda Allah ya nufa ta kasance matar Darakta.

Cikin wannan tsaro aka kawo Zahara, mai shekara goma sha huɗu, da ƙanwarta Halima, mai shida, daga wata tunga arewa da Takanamat, a farkon bazara.

A garinsu gida iri ɗaya ne ake bari ba hayaƙi ana kai masa abinci a rufe daga waje: gidan da aka yi mutuwa. Kwana uku ba a aza tukunya, maƙwabta ke aikowa. A daminar bara gidan su Zahara ya yi kwana goma sha ɗaya murhu a sanyaye. Kwanukan farko na babanta ne. Kafin a gama mayar da su aka fara kawo na jaririn da innarta ke goyo. Ranar da ta ɗebo ƙirare za ta hura wuta, sai ta ga matar maƙwabci ta sake shigowa da akushi a rufe, a nan ta san innarta ta cika tun kafin kowa ya buɗe baki.

Ranarsu ta farko a Gidan Inuwa, da rana ta take, wata farar mota ta tsaya a ƙofa. Aka shigo da kuloli huɗu, kowace da murfinta. Zahara ta dubi tsakar gidan, fes, babu toka, babu itace, babu ko baƙin hayaƙi a bango. Ta kama hannun Halima ta matsa kusa da matar da ke kula da su, Tanti Farida.

"Tanti, wa ya rasu?"

"Wa ya rasu kamar yaya?"

"Abincin nan da aka aiko."

Tanti Farida ta yi dariya har ta dafa bango. "Kun ji mini 'yar daji! Nan kullum haka ake kawowa. Ki saki jiki, kin shigo birni."

Kullum. Kalmar ta zauna wa Zahara a ƙirji kamar dutse.

Tun daga ranar ta kama ƙidaya. Da ta ji ƙarar motar sai ta tashi tana bin 'yan matan da ido ɗaya bayan ɗaya. Talatin da biyu. In ta samu talatin da ɗaya sai ta ruga makewayi ta yi ta bugun ƙofa har ta ciki ta zage ta. Ta san abin ba daidai ba ne. Ta sha gaya wa kanta cewa nan birni ne, al'adarsu daban. Kanta ya yarda, ƙirjinta ya ƙi. Abincin ma ba ya wuce mata maƙogwaro. Shinkafa ce ko taliya, da ta kai loma baki sai ta ji ɗanɗanon kwanakin nan goma sha ɗaya. Ta koma tura wa Halima rabonta, sannan ta zauna tana kallon yarinyar tana ci, tana jin kamar ita ce ke miƙa ta.

A kwana na ashirin ta kasa. Maigadi, Baba Illa, yakan dafa shayinsa a wajen ƙofa, taku biyu daga allon, daidai inda doka ta ƙare. Da ya tafi alwala ta leƙa ta ɗebi garwashi biyu a gwangwanin sardin, yadda ake ɗibar wuta a gidan maƙwabta. Bayan makewayi ta jera duwatsu uku, ta karya ƙirare, ta aza gwangwanin tumatir da ɗan ruwa a ciki, ta durƙusa ta hura. Da hayaƙin ya miƙe siriri ya wuce tsayin katanga, sai ta ji wani abu da ya ɗaure mata haƙarƙari tun daminar bara ya kwance. Gidan nan akwai masu rai. Ta zauna dirshan a ƙasa, hawaye na zuba, tana numfashi har ƙasan cikinta.

A haka Tanti Farida ta same ta.

Darakta Alƙasum ya karɓe su a ofishinsa, inda fanka biyu ke juyawa. Mutum ne mai sanyin murya, bai taɓa ɗaga wa yaro hannu ba, kuma yakan faɗi haka sau da yawa.

"Kin iya karatu?"

"A'a, Mushe."

"Hoto fa? Kin ga hoton da ke ƙofa?"

"Na gani."

"To me ya sa?"

Ta daɗe tana neman yadda za ta faɗa. "Don kada a mutu, Mushe."

Darakta ya dubi Tanti Farida da fuskar wanda aka kawo wa abin da ya karanta. Ya ce wannan ciwo sananne ne, yana da suna a littafi. Ya faɗi sunan da Faransanci, ya kuma maimaita, don ya yi masa daɗin baki. Ya ce sa'ar yarinyar ita ce ta faɗo gidan da ke da ɗakin sauraro da ƙwararren likitan tunani. Gaskiya ya faɗa. Ɗakin yana nan a bayan gida da allonsa a ƙofa, likitan kuma ya zo ranar buɗe gida an ɗauke shi hoto. Tun daga nan ake ajiye sababbin katifu a ɗakin, kuma babu wadda ta taɓa kuka da rashin sauraro.

"Ki buɗe kunnenki," in ji Darakta. "Na farko kuskure ne. Na biyu gargaɗi. Na uku ki bar gidan nan. Ƙanwarki kuwa takardunta daban, ita tana nan."

Zahara ta fito. Yanzu tsoro ya zama biyu. In ba ta hura ba, mutuwa ta shigo ta ɗauki Halima. In ta hura, a fitar da ita a bar Halima cikin gidan da ba hayaƙi, ba mai ƙidaya ta.

Matar Darakta, Madam Samira, ba ta yarda da maganar littafi ba. Ta ce aljanu ne, mutanen arewa da su suke zuwa. Ta aiko malami, dattijo mai kirki, ya zo da ƙullin saiwoyi ya ce a turara wa yarinyar safe da yamma. Aka nuna masa allon ƙofa. Ya tambaya ko za a fita da ita waje a turara, aka ce doka ta hana fitar da yara. Ya tofa addu'a a ruwa ya tafi da ƙullinsa, aljanun suka ci gaba da zama cikin tsaro.

Mako biyu Zahara ta daure. Da motar ta zo sai ta cusa gefen kallabinta a baki ta ciza. Wuyanta ya zama kamar sillen kara. Sai Halima ta kwanta da zazzaɓi. Ranar nan da aka shigo da kuloli, Zahara ta ƙidaya talatin da ɗaya a tsaye, ɗaya a kwance, ta dubi murafan nan a rufe, ta san wa aka kawo wa. Lokacin hutun rana, duk ɗaki na barci, ta shigo da garwashi a gwangwanin sardin ta tura ƙarƙashin gadon ƙanwarta, ta ɗora tsinke uku. Ba ta ga bakin sange, wato gidan sauro, ya sauko ba. Ya kama fuu, ya narke, wata yarinya ta farka ta ƙwalla ihu. Da bokiti ɗaya aka kashe, amma ɗakin ya wuni yana warin roba.

Washegari zazzaɓin Halima ya sauka. Kowa ya ce maganin likita ne. Zahara kuwa a ranta ta ce wutar ce.

Aka fitar da gadonta baranda. Kowace safiya Tanti Farida na caje ta, har cikin zani. 'Yan matan suka sa mata suna Gobara, in ta zauna a tabarma su tashi. Ba ta ga laifinsu ba, ita ma tsoron hannuwanta take. Abin da ya fi ci mata rai shi ne ranar da Halima ta ce mata a hankali, "Yaya, an ce in na zauna kusa da ke zan ƙone," sannan ta zauna kusa da ita ɗin, amma a ɗarare.

Akwai wata dattijuwa mai shara da wanki a gidan, Azumi, mutuniyar Bambeye, ɗakinta yana manne da katangar baya ta waje. Ita ce ta share bayan makewayi ranar wutar farko. Wata hantsi ta sami Zahara a baranda, ta ajiye tsintsiya ta zauna.

"Ɗiyata, ni na kwashe duwatsunki. Ukku na gani, a jere. Mai son ƙona gida ba ya jera duwatsu. Wa kike dafa wa?"

"Ba kowa, Inna."

Azumi ta dubi tsakar gidan nan fes. Can ta ce, "Gidanku kwana nawa kuka yi ba a aza tukunya ba?"

Zahara ta ɗago ta dube ta. Wata biyu ke nan a gidan mai likitan tunani, yau ne aka yi mata irin wannan tambaya.

"Sha ɗaya."

"Allahu akbar," in ji Azumi. Ta jawo kan yarinyar ta ɗora a cinyarta.

A ranar ta riƙe hannunta suka shiga ofishi. Azumi ta durƙusa ta yi bayani tiryan-tiryan, Zahara na tsaye a bayanta kamar ba a kanta ake magana ba.

"Mushe, ba hauka ba ne irin na jifa. Tsoro ne. Ita gani take gidan makoki aka kawo ta. A ba ni kusurwa guda, can bayan makewayi, ta dafa ko ruwan zafi ne, ina tsaye a kanta. Minti goma, in kashe da hannuna."

"Azumi, a wace jami'a kika karanta wannan?"

"Ban yi lakwal ba, Mushe. Na dai yi makoki."

Darakta ya yi murmushi ya jingina. Ya ce abin da take nema shi ne a ba mashayi giya don ya daina sha. Ya ce masu tallafa wa gidan nan sun ba da amana ne a kan ƙa'ida, kuma nan da mako uku za su turo baƙi daga Yamai da takardar shaidar tsaro, ta farko a duk jihar. Ya ce ran yara talatin da biyu yana wuyansa. Sai da ya kai ƙarshe ya ƙara da wadda ta fi fitowa daga zuci: "Kuma in aka dafa ruwan zafi yau, gobe sai a ce ai ana iya dafa tuwo."

Azumi ta yi godiya ta fita. Washegari, ana saura kaɗan motar ta iso, ta ce wa Tanti Farida igiyar shanya ta cika, tana son Gobara ta ɗaukar mata bahon wanki zuwa gidanta. Tanti Farida ta ce a tafi da ita ko an huta da ganin idanun nan.

Ɗakin Azumi ɗaya ne, da 'yar rumfa da murhu na laka baƙi ƙirin. Ta miƙa wa Zahara kwalin ashana. "Hura mini, gwiwata ta gaji." Zahara ta durƙusa ta hura. Hayaƙi ya tashi, iska ta kwantar da shi ta kan katanga zuwa cikin Gidan Inuwa, ɓangaren da Halima take. Ta ji ƙarar motar daga can, amma ba ta tashi ƙidaya ba. Ranar ta ci tuwon hatsi da miyar kuka, ta suɗe kwano.

Kwana tara aka yi haka. Ta fara barci. Ta yi wa Halima kitso. Sau ɗaya har ta manta ba ta ƙidaya ba, ta tuna da la'asar, ta ƙidaya, aka cika. A rana ta goma Madam Samira ta zo da kanta raba abinci, Zahara ta wuce ta gabanta, hancin ƙwararriyar mai dafuwa ya yi aikinsa.

"Ke, zo nan." Ta shinshina kallabinta. "Hayaƙin itace. Wa ke dafa miki abinci a waje? Nawa ba ya ciyuwa ne?"

Kafin magariba an gama bincike. Aka ja wa Azumi kunne a gaban ma'aikata, aka ƙara igiyar shanya biyu a tsakar gida, aka sa kwaɗo a ƙaramar ƙofar baya. Darakta ya rubuta a rahotonsa cewa an toshe wata kafa da ke barazana ga lafiyar yarinyar.

Abin da ba wanda ya sani, har Azumi, shi ne tun kwana na biyu Zahara ta zare tsinken ashana uku daga kwalin ta cusa cikin kitsonta, ta yagi ɗan gefen kwalin ta soke a lafin zaninta. Ba don ta kunna ba. Don ta riƙa taɓawa ta ji suna nan. Kunyar satar tana cin ta, amma ta kasa mayarwa. Yanzu kuwa duk ranar da motar ta zo, hannunta na kai, tana lallatsa kitson har fatar wurin ta yi ciwo. Ta sake daina ci. Ta koma ƙidaya sau biyar, sau goma, tana motsa leɓe, 'yan matan na kwaikwayonta.

Ranar baƙi aka wanke gida tun da safe, aka raba sababbin riguna shuɗɗa. Zahara ma an ba ta, ta saka. Sai Darakta ya tsaya ya dube ta, da ƙasusuwan wuyan nan da idanun da ba sa tsayawa wuri ɗaya, ya kira Tanti Farida gefe. Aka ce ta zo ta huta a ɗakin sauraro har baƙi su tafi, don hayaniya ba ta dace da mai irin ciwonta ba.

"Tanti, don Allah kar ki rufe."

"Awa biyu ne kawai, Gobara. Ga katifu nan har rufi, ki zaɓi wadda kike so."

Ta ji an murza makulli.

Ɗakin yana da 'yar taga ɗaya can sama. Ta taka katifu ta leƙa. Daga nan ana ganin tsakar gida, ba a ganin ƙofar shiga. 'Yan matan sun yi layi biyu suna gwada waƙar maraba. Ta ƙidaya. Talatin. Da ita talatin da ɗaya. Ta sake daga ɗaya gefen. Talatin. Ta bi fuskokin ƙananan ɗaya-ɗaya. Babu Halima.

Ta ƙwala kiran sunanta, waƙa ta danne muryar. Ta sauko ta bugi ƙofa da hannu biyu, ta koma ta hau. A lokacin ne aka fara shigo da kulolin. Ba huɗu ba. Ta ga ta biyar, ta shida, ta ga manyan tire a lulluɓe da farin ƙyalle, ta ga mutane baƙi masu manyan riguna suna shigowa a hankali, ana gaisawa ana riƙe hannu. Ta san irin ranar da gida ke cika da baƙi da kwanuka haka.

Ƙarama za ta yi. Ta gaya wa kanta haka. Ta janye katifa ɗaya ta sami siminti kamar faɗin faranti, ta yagi takardar da aka naɗe katifun da ita, ta dunƙule uku ta jera a madadin duwatsu. Tsinke na farko ya karye. Na biyu ya kama.

Daƙiƙa biyu ta samu na sauƙi. Sannan ledar katifar kusa ta lanƙwashe, soso ya kama da wani irin gurnani, baƙin hayaƙi ya turnuƙe. Wannan ba wutar da ta sani ba ce. Ta tuna Halima na iya kasancewa a ɗakin da ke jikin wannan, ta faɗa wa wutar da tafin hannu tana bugu. Soson ya narke ya manne mata. Ba ta san tana ihu ba sai da ƙofa ta ɓalle, Baba Illa ya shigo da taɓarya a hannu, Azumi ta fizgo ta waje ta danna hannuwanta cikin bahon wanki. Su biyu da bokitai da yashi suka kashe sauran, ba tare da sun kira kowa ba, don sun san gidan da suke aiki.

A zauren gaba wata baƙuwa ta ce tana jin ƙauri. Darakta ya girgiza kai cikin takaici ya ce maƙwabta ne ke ƙona shara, ya sha yi musu magana. Aka ci abinci, aka miƙa takardar shaida, aka tafa.

Sai bayan motocin sun tashi aka shigar da Zahara ofishi ta ƙofar baya. An naɗe mata hannuwa da jiƙaƙƙen zani. Zafin ya wuce na kuka, sai wani nishi take yi kamar akuya. Azumi na riƙe da ita.

"Mushe, mota. A kai ta likita, sauran magana daga baya."

"Za a kai ta. Amma a likita za su tambayi inda ta ƙone." Ya ɗaga ɗan yagaggen kwalin da aka tsinta a ɗakin. "Wannan na wane gida ne, Azumi?"

Azumi ta dubi kwalin, ta dubi Zahara. Zahara ta sunkuyar da kai.

"Nawa ne."

"To kin gani. Wutar daga gidanki ta fito. Abin da zan rubuta ke nan, ba ƙarya a ciki sosai. Kin fitar da yarinya ba izini, ta faɗa murhunki. A gidan nan ba a yi wuta ba. In aka ce an yi, za a rufe shi, yara talatin da ɗaya su koma titi, har da ƙanwarta. Kina so?"

"Mushe, hannunta na cin ta."

"Shi ya sa nake so mu gama da wuri."

Ya zauna ya buga takardar da kansa. Bai yi gaggawa ba, mutum ne mai kula da nahawu. Fanka biyu na juyawa, ruwa na ɗiga daga zanin zuwa kan tayil, Azumi na kallon agogon bango ko da yake ba ta iya karanta shi ba. Da ya gama ya karanta mata da Faransanci, ya fassara abin da ya ga ya kamata ta sani: ta amsa laifi, ta bar aiki da kanta, yarinyar kuma ta fita daga rajistar gida, tunda wannan ne na uku. Saboda tausayi, gidan ba zai kai ƙara ba.

Azumi ta miƙa babban yatsa. Ya danna mata shi a tawada.

Suna fita ta tsakar gida sai ga Halima ta sheƙo da gudu, da sabuwar riga da kwalli a ido, riƙe da ƙwaryar da aka yi wa ado. Tun safe tana ƙofar shiga, ita aka zaɓa ta miƙa wa baƙi ruwa, don ita ce mafi kyawun murmushi.

"Yaya, an ɗauke ni hoto! Mi ya sami hannunki?"

Zahara ta tsaya tana kallonta, daga kai har ƙafa. Tana numfashi. Tana tsaye. Wani irin haske ya bayyana a fuskar Zahara wanda ya sa tsikar jikin Azumi ta tashi.

"Inna, kin gani? Da ban hura ba..."

"Yi shiru, ɗiyata. Mu tahi."

Tanti Farida ta janye Halima. Motar gidan ta tafi mayar da kuloli, don haka Baba Illa ya tsayar musu da babur ɗin kabu-kabu, ya ɗora Zahara a tsakiya, Azumi ta hau baya ta tallafe mata hannuwan a sama kamar mai addu'a. A likita, wato asibiti, ma'aikaciyar da ta kwance zanin ta ja tsaki ta dubi Azumi sama da ƙasa.

"Ke ce uwarta? Tsohuwa da ke, ki bar yarinya ta faɗa wuta, sannan ki zauna awa uku ba ki kawo ta ba? Wallahi irinku ɗauri ya kamace ku."

"Haka ne," in ji Azumi. "A yi haƙuri."

Bayan kwana shida aka sallame su. Ba a sami dangin da zai zo daga tunga ba, kuma ba a nema sosai ba, sai Azumi ta wuce da ita ɗakinta na bayan katanga. Ita ke ba ta abinci a baki, ita ke ɗaura mata zani. Ta yi yawon neman wanki a unguwa, amma labari ya riga ta: matar da ta ƙona marainiya. Hatsin tukunya ya ƙare a mako na biyu.

Wata rana, da rana ta take, suna zaune a rumfa, suka ji ƙarar farar motar ta tsaya a ƙofar gaba. Zahara ta miƙe zumbur. Leɓenta ya fara motsi, amma daga nan ba a ganin kowa, katanga ce kawai. Ta ɗaga dunƙulallun hannuwanta masu bandeji ta dube su, ta dubi murhu.

"Inna. Inna, Halima tana ciki."

Azumi ba ta ce babu abin dafawa ba. Ta tashi da ƙyar, ta zare kara biyu daga jikin rumfar da ke ba su inuwa, ta karya a gwiwa, ta aza tukunya da ruwa zalla. Da wutar ta kama ta ɗauki faifai ta tsuguna, tana kora hayaƙin wajen katanga.